Kada Ka Bi Ta Ƙofar Baya

Zuwa ga taubashina, Sarkin Birai,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Maman 'yan biyu da 'yan biyun, da dukkan talakawanka masu wutsiya. Mu nan lafiya ƙalau, sai ɗan tarin da ya zaga gidan, ya fara ta kan yara ya ƙare a kaina. Shago yana tafiya. Mutane ba su fasa kashe idanunsu da kallon waya ba, ni ma ban fasa sayar musu da gilashi ba.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, don rabonmu da juna tun rasuwar Kawu. Laifinka ne. Wa ya aike ka karɓar aikin gadin gandun daji, inda waya ba ta shiga? Sai da na sha tambaya kafin aka ce mini motar da ke kai muku kayan abinci ita ke kai wasiƙu.

Ga abin da ya kawo ni. Inna, wato Gwaggonka, idonta yana tafiya. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya rufe, na dama kuma tana gani da shi kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita ya ja ni gefe ya ce ba ya zaton zai kai baɗi. Ba mu gaya mata ba, amma ta sani. Rannan tana zaune bakin taga sai ta ce, "Ni dai a ƙasar nan aka haife ni, a cikinta na tsufa, amma abin da na sani nata daga ɗakin girki sai asibiti."

Shi ne na sayi wata tsohuwar bas ruwan toka, na damƙa wa bakanike. Da an rufe makaranta za mu kama hanya, ni da Inna da maman yara da yaran uku, mu ratsa ƙasar daga wannan gefe zuwa wancan. Na shimfiɗa taswira a kan teburin gwajin ido, yara sun jera murafan kwalba a duk inda za mu kwana. Za mu fara da birnin bakin teku, mu hau zuwa gandun da ruwa ke zubowa daga kan dutse, mu ratsa birnin gadoji, mu yada zango a gandun tsuntsaye na bakin tafki. Naku ne na ƙarshe, saboda giwaye. Inna ta ce tana son ganin gwaggon biri ido da ido, na ce ta kwantar da hankalinta, ɗan ɗan'uwanta yana can, shi ne ma mai unguwarsu.

Ka gaya mini yadda hanya take, da ko akwai ɗakunan baƙi. Ga lambar wayata nan a gefen takarda, in Allah ya sa wata rana ka hau bishiya ka sami sabis.

Naka,
Ido Huɗu

*

Zuwa ga Ido Huɗu,

Takardarka ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Mu ma muna nan da godiyar Allah. 'Yan biyu sun fara gudu, uwarsu ba ta hutawa. Labarin idon Gwaggo ya taɓa ni ƙwarai. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata ina tuna lokacin da take ɓoye mini ƙanzo a bayan tukunya don kada kai ka cinye.

Tafiyarku shawara ce mai kyau, Allah ya saka maka. Amma ni a ganina ku cire gandunmu daga lissafin bana. Giwaye sun yi nisa, rabon da in ga ko ɗaya tun farkon damina. Ɗakunan baƙi suna yoyo. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke gefen hanya sai ya fito. Ban da haka akwai wasu baƙi da suka shigo dajin. Ba su san wasa ba, kuma ba sa son a gan su.

Gandayen nan biyu da ka faɗa sun isa. A na bakin tafki akwai dorina, Gwaggo za ta gani ta ƙoshi. Daga can ku juya gida. In komai ya daidaita, ni da kaina zan kawo iyalina mu gaishe ta.

Oganmu mutumin kirki ne, yana kula da mu sosai. Har wasiƙunmu ta ofishinsa suke bi, masu shiga da masu fita, akawunsa yana dubawa don kada su ɓata. Ka riƙa tuna wannan alherin nasa idan za ka rubuto.

Ka gaida maman yara da yaran.

Taubashinka

*

Sarkin Birai, ranka ya daɗe,

Muna lafiya, tari ya tafi. Ina fata ku ma haka.

Na karanta wa gida takardarka muna cin abinci, har sai da babbar 'yata ta ƙware don dariya. Wato giwaye sun yi nisa, ɗaki yana yoyo, ciyawa ta yi tsawo. Saura ka ce rana ma ta daina fitowa a wajenku. Ka fito fili ka ce kana tsoron baki shida a kan tukunyarka. Kwantar da hankalinka, da buhun shinkafarmu za mu zo. Baƙin nan marasa wasa kuwa, maman yara ta ce surukanka ne suka zo suka ƙi tafiya. Ni na ce zuma ce ta yi gida a bayinku.

Don in kama ka da hannu dumu-dumu, na nemo lambar ofishinku na cikin gari na buga. Oganka da kansa ya ɗauka. Ya ce gandu a buɗe yake, lafiya lau, giwaye har bakin kogi. Ya tambaye ni wa ya ce mini akasin haka. Na ce wani maƙaryacin taubashina ne da ke aiki a ƙarƙashinsa, na faɗa masa kai ne. Ya yi dariya ya ce zai tsokane ka.

Sannan ka ji wani ikon Allah. Bayan 'yan kwanaki wani mutum ya shigo shago ya ce idonsa yana damunsa. Na zaunar da shi, na nuna masa allon haruffa, ya karanta tun daga sama har layin ƙasa wanda ni kaina sai na matsa nake gani. Na ce masa, "Malam, idonka ya fi nawa lafiya." Ya yi murmushi ya sayi baƙin gilashin rana. Zai fita ya hango taswirata, ashe direban motar katako ne, ya san gandunku kamar tafin hannunsa. Ya ce kada in wahalar da tsohuwa da zagaye ta babbar ƙofa. Akwai tsohuwar hanya da ke shiga ta ƙofar baya, tana rage yini guda, kuma tana bi ta gefen kogi daidai inda giwaye ke shan ruwa. Ya zana mini ita da biro. Mutum ne mai kula, har ya tambayi launin motar da mu nawa ne, da ko akwai wani namiji babba ban da ni, wai don ya sa abokansa su taimaka in mun maƙale a laka. Ya karɓi lambata.

Ka ga wanda ba dangin iya ba na baba ya fi ka son mu zo.

Bakanike ya sauya tayoyi, na sayi safaya biyu da jarkokin ruwa. An yi wa Inna kujera mai kwantawa a bayan direba, kusa da taga, ta gefen idonta mai gani.

Sai mun zo cin tukunyarka.

Ido Huɗu

*

Ɗan'uwana,

Muna lafiya. Ina gaida Gwaggo.

Ba wasa nake yi ba. Kada ku zo. Ba ni da wurin saukar da ku, ba ni da lokacinku, kuma in kun zo ba zan fito ba.

Kada ka bi ta ƙofar baya, ko wa ya zana maka ita. Kada ka sake gaya wa kowa ranar tashinka ko inda za ka kwana. Kada ka sake kiran ofishinmu, Oga yana da aiki da yawa.

In ka ji haushina, ka ji. Ka dai yi abin da na ce.

Ɗan Kawunka

*

Zuwa ga ɗan Kawu,

Lafiyarmu lau, tunda ka rubuto a taƙaice ni ma na amsa a taƙaice.

Na karanta takardarka a shago ni kaɗai, na sake karantawa, ina neman inda wasan yake ban samu ba. To, na ji. Ban san zaman daji yana sa mutum ya manta da wanda suka sha ruwa a kofi ɗaya ba. In kunyar gidanka kake ji, ai mun san juna tun muna yawo ba wando. In kuwa wani abu aka gaya maka a kaina, da ka faɗa mini a fili.

Ban karanta wa Inna ba. Na ce mata aiki ya yi maka yawa.

Gandun ba na ubanka ba ne, ba na ubana ba, na ƙasa ne, kuma shugabansa ya ce in zo. Matar nan idonta ɗaya ya rage, ba zan ce mata ta jira sai ranar da ka ga dama ba. Tunda ba ka son ganinmu, an gama. Hanyar babbar ƙofa ita ce ke bi ta sansaninku, don haka ba za mu bi ta nan ba. Ta ƙofar baya za mu shiga, mu ga abin da muka zo gani, mu fita ba tare da mun dame ka ba.

Makaranta ta kusa rufewa. Ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba.

Ka gaida Maman 'yan biyu, ita ba ta yi mana komai ba.

*

Ido Huɗu, ɗan'uwana,

Allah ya sa wannan ta riske ka kafin ku tashi. Ba ta ofis ta biyo ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zo yi wa yara allurar rigakafi, na roƙe ta ta ɓoye takardar a jakar magani ta jefa a gidan waya na gari. Don haka yau zan yi magana da bakina.

Baƙin da na ce maka masu saran katako ne. Sun shigo da injinan yanka da bindigogi, suka kama yankin kogi gaba ɗaya. Daga baya suka gane mutum ya fi katako tsada. Yanzu tare hanya suke, su kwashi matafiya su shige da su cikin daji. Hanyar ƙofar baya tasu ce. Ba wanda ya bi ta da mota tun bara ya fita da ƙafarsa yadda ya shiga.

Oga nasu ne. Shi ya sa ake cewa gandu a buɗe yake. Akwai abokin aikina da muke kira Dogo, ya rubuta wa hedikwata abin da ke faruwa, ya manta cewa ta hannun akawu takardar za ta bi. Aka tura shi sintiri bakin kogi. Kekensa kawai muka samo, a jingine da bishiya kamar ya shiga kama ruwa. Matarsa tana nan har yanzu, kullum tana share ƙofar ɗaki.

Mutumin da ya zo shagonka ba idonsa ya kawo ba. Kai ka kira ofis, ka ce kana da shago, kana da mota, za ka zo da tsohuwa da mace da yara. Sai aka turo a gan ka. Lambar wayarka da ka rubuta mini kuwa ban taɓa ganinta ba, an yage gefen takardar kafin ta iso hannuna. Da ina da ita da na ba matar nan ta kira ka yau.

Tun ranar da ka ambaci sunana, Oga ya karɓe babur ɗina ya ce za a gyara. Na nemi hutu ya hana. Yanzu in na fita da safe, akwai mai zama a kan benci yana kallon ƙofar gidana.

Na yi maka rashin kunya da gangan, ina zaton haushi zai sa ka fasa. Ashe tura ka na yi. Ka yafe mini. Gidana ɗaki biyu ne, kuma da lafiya ake da a tsakar gida zan kwana in bar muku.

Don girman Allah ka tsaya a tafki. Ka sauya lambar wayarka. In mutumin nan ya kira, ka ce an fasa tafiya.

Ni ne taubashinka, yau da kullum.

*

Sarkin Birai,

Na ce a raina ba zan ƙara rubuto maka ba, ga shi ina rubutowa daga masauki a birnin gadoji. Duk muna lafiya, sai autana da mota ke juya wa ciki. Mun taso tun washegarin rufe makaranta, na kulle shago, don haka in ka aiko da wani abu yana can yana jirana.

Da ka ga Inna. A bakin teku ta tsaya tana kallon ruwan, can ta ce, "Ashe akwai abin da masu ido biyu ma ba sa ganin ƙarshensa." A gandun dutse muka riƙe ta har gindin ruwan, ta miƙa hannu ya dake ta, ta yi ihu kamar yarinya. Ko nan aka tsaya kuɗin mota ya fita.

Jiya da yamma ta tsare ni, ta ce ita ba yarinya ba ce, in karanta mata abin da ka rubuto. Na karanta. Ta ce in maimaita farkon. Sai ta ce, "Yaron nan tun da ya iya magana bai taɓa kiranka ɗan'uwa ba, sai Ido Huɗu. Wannan ba rowa ba ce. Wani abu ne ke cinsa, ko ciwo ko talauci, yana ɓoyewa." Ta zage ni tas. Na ji kunya. Don haka mun sake shawara: za mu shiga ta ƙofar baya ranar Laraba da hantsi, mu ga giwaye, mu zarce har ƙofar gidanka. In ka ga dama ka kore mu da tsintsiya.

Direban katakon nan yana kirana kusan kullum ya ji inda muka kai. Maman yara ta fara cewa kulawar ta yi yawa. Ta kuma ce akwai wata farar a-kori-kura da ta gani a gidan mai, ta sake ganinta a bakin masaukinmu na jiya, mutum biyu a ciki ba sa fitowa. Na ce mata farar mota ai ta cika ƙasa. Amma ɗazu da na sauko duba taya na ga wata a tsallaken titi, injinta yana aiki. Da na tsaya ina kallo sai ta ja a hankali.

Wataƙila tsoronta ne ya shafe ni. Gobe sai tafki.

Sai Laraba.

Ido Huɗu

*

Zuwa ga Maman 'yan biyu,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da mutanen gida. Mijinki ne ya ce in zan rubuta in aiko gidan mahaifinki, can zai tura ku. Allah ya sa kun isa. Mu mun dawo gida lafiya, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Ban sani ba ko ya gaya miki yadda aka yi, don haka zan faɗa miki, don ki san wa kike aure.

Ranar Laraba muka iso inda kwalta ta ƙare, hanyar ƙofar baya ta fara. Akwai 'yan rumfuna a wurin, duk babu kowa, ko kaza. Ban kawo komai a raina ba. Na sauya giya zan gangara sai ga mutum a tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa. Ba hula, rigar aiki duk ƙaya ta yayyaga, takalmi ɗaya a ɗaure da igiya. Sai da na taka burki na gane shi. Ashe takardata ta ƙarshe ta iso masa a buɗe, ya san sun riga shi karantawa, ya fita ta bayan gida ya ratso daji a ƙafa.

Na leƙo ina dariya na ce, "Sarkin Bi..."

Ya ce, "Juya."

Na ce, "Haba, ko gaisawa..."

Ya ce, "Juya motar nan yanzu. Suna gaba a gindin gada, suna kuma bayanka."

Na duba madubi. Farar a-kori-kura tana tsaye can baya a ƙarƙashin bishiya, ta tare rabin hanya.

Ya zagayo tagar Inna ya durƙusa. Ta kamo fuskarsa da hannu biyu ta kawo kusa da idonta mai gani, ta ce, "Ka rame, ɗan nan." Ya ce, "Gwaggo, ki yafe mini, ban iya karɓar baƙi ba." Daga nan ya ce mini kada in tsaya ko taya ta fashe, sai garin da ke da shingen sojoji. Na buɗe ƙofa na ce ya shigo. Na rantse miki na roƙe shi, maman yara ma tana kuka tana jan hannunsa. Ya ce, "Yarana suna can cikin gandu."

Ya taka a hankali zuwa wurin motar nan, ya tsaya a gabanta ya ɗora hannu a kan bonet kamar mai gaisawa da abokai. Ni kuma na juya na bi ta gefensu, taya ɗaya a cikin ciyawa. Abin da na gani na ƙarshe a madubi shi ne an buɗe ƙofa, mutum ɗaya ya fito.

Na gaya wa sojojin shinge, suka rubuta, suka ce za a duba. Na je hedikwatar gandaye, aka ce in dawo. Da na buɗe shago na tarar da takardarsa a ƙasan ƙofa, wadda ya faɗa mini komai a ciki. Na karanta a tsaye. Tun ranar ban iya gwada idon kowa ba.

Ni na ambaci sunansa ga mutumin nan da bakina, ina dariya.

Don Allah ki rubuto. Ko mene ne, ki faɗa mini.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka da Gwaggo da Yaya maman yara. Takardarka ta daɗe a gidan Baba kafin ƙanena ya kawo mini inda nake. Ka yi haƙuri da shirun. Ni da yara lafiya. Shi kuma yana da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Ranar da kuka rabu, su suka kawo shi gida a motarsu, har bakin ƙofa, suna yi masa sai an jima. Oga ya yi kamar ba abin da ya faru. Wannan ya fi zagi tsoratar da mu. Da motar kayan abinci ta zo, ya ce wa akawu 'yan biyu suna zazzaɓi, ya ɗora mu. Na ce ya hau, ya ce in ya hau ba za a bar motar ta wuce ƙofa ba.

Bayan mun tafi aka tura shi sintiri bakin kogi tare da mutum biyu na Oga. Su suka dawo, shi bai dawo ba. Ofis ya ce ya gudu daga aiki. Wani makiyayi ne ya tsince shi a cikin ciyawa da harbi a ƙafa, ya ɗora shi a kan bijimi ya fito da shi ta wani ƙauye. Kafin a kai asibiti ƙafar ta lalace. Sun yanke ta daga gwiwa. Ma'aikaciyar jinyar nan da ta taɓa ɗaukar masa takarda ita ta gane shi, ta kwantar da shi da sunan mahaifina, ta aiko mini.

Ba ya yawan magana. In mota ta tsaya a waje sai ya kama ƙarfen gado. Na karanta masa takardarka. Ya ce in gaya maka ka daina zargin kanka, da shi ne a gari kai a daji, shi ma haka zai karanta takardun ya ɗauka wasa ne. Ya tambayi idon Gwaggo.

Yaya, ba za mu iya zama a nan ba. Shekaranjiya wani ya zo yana tambaya ko an kawo mai harbi a ƙafa. Aka ce masa babu, ya tsaya ya daɗe yana kallon tagogi. Likita ya ce zai iya tafiya in a kwance ne. Ka cire kujerun baya ka sa katifa. Ka sauya wa motar fenti in da hali. Ka zo da wani namiji babba, ka bi babbar hanya, da rana. Ƙaramin asibiti ne a garin da ke gaba da shingen sojojin da ka tsaya, bayan tashar mota. Kada ka rubuto, kada ka tambayi kowa a ƙofa.

Sau ɗaya ka taɓa ganina, ba lalle ka gane ni ba. Kullum da hantsi ina zama a bakin ƙofar asibitin da farantin ayaba, don kada a ce me nake jira. 'Yan biyu suna gefena. Su za ka duba. Fuskarsa suka ɗauko, ba za ka wuce su ba.

Ƙanwarka,
Maman 'yan biyu